Shekarar da Mustafa Ya Fara Sayar da Mizajur

Ku samarin da kuke tsayawa bakin rumfata a kasuwar Bilak ta Adjamé kuna cewa gyaran kwamfuta ba wani abu ba ne, wai kun gani a bidiyo, a kwance sukurori a hura iska a mayar, ku jawo benci ku zauna. Ba zan hana ku sana'ar ba. Ita ta ciyar da ni, a cikinta na yi aure, da ita na sa 'ya'yana lakkwal, wato makarantar boko. Amma tunda kun ce in ba ku labarinta, zan haɗa muku har da wurin da ba daɗi. Wurin kuwa yana da suna. Sunansa Mustafa.

Ni Hamisu, daga Madawa aka kawo ni Abijan gemu bai fito mini ba, aka damƙa ni hannun Baba Sule, wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwar Bracodi. Abu na farko da ya bari na taɓa wata rediyo ce ta wani mai sayar da garba, abincin rogo da soyayyen kifi, man kifi ya cika mata ciki har maɓallin kama tasha ya daina juyawa. Na ɗauko turnabis, abin kwance sukuru, zan afka mata, sai ya buge mini hannu. "Shinshina tukuna," in ji shi. Na ɗauka wasa yake. Ashe kayan wuta kowanne da irin warin mutuwarsa. Wanda zafi ya ƙona daban, wanda ruwa ya ci daban, wanda kyankyaso ya kwanta a kansa ya haɗa wayoyi daban. Har yau in aka ajiye mini kwamfuta, hancina ke riga hannuna shiga. Wannan ba za ku same shi a bidiyo ba, don waya ba ta fitar da wari.

Na daɗe ba a ba ni aikin kowa. Sai dai a tara mini matattun allunan talabijin, in bi da ƙarfen dalma ina cire ƙananan kayan da ke jiki ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na ƙona na kusa ba. Ga shaidar nan a babban yatsana, fatar ba ta ƙara dawowa daidai ba. Ina cikin haka kwamfutoci suka fara shigowa ta tashar jirgin ruwa, tsofaffin da ofisoshin Turai suka gaji da su, waɗanda muke kira France au revoir. Baba Sule ya leƙa cikin ɗaya, ya ce shi dai wuta ya gani tana bin hanya, kuma duk inda wuta ke bi aikinmu ne. Mun kashe da yawa kafin mu tayar da ta farko.

A lokacin ne aka kawo Mustafa. Shi haihuwar Treichville ne, ubansa Alhaji mai goro. Ya yi lakkwal har ya kusa ƙarewa, jarrabawar ƙarshe ta kayar da shi, uban ya ce ba zai zauna masa a gida yana kallon ƙwallo ba. Hausarsa in yana yi sai ka ce mai tafiya da takalmin wani, rabi Faransanci, sauran Jula da yaren 'yan tasha. Koro yake ce mini, wato yaya, don na girme shi kuma na riga shi zuwa. Ni na nuna masa yadda ake riƙe ƙarfen dalma, bai kuwa taɓa iyawa sosai ba, dalmarsa kullum taruwa take kamar kashin akuya. Amma yana da abin da ba ni da shi. In kwamfuta ta cika shuɗin allo da rubutu, ni sai in kashe ta in fara canza kaya ɗaya-ɗaya har in dace. Shi sai ya sunkuya ya karanta, ya ce, "Koro, ai ta faɗa da bakinta, diski ne." Haka kuwa zai kasance. Duk takardar da ta zo cikin kwali, shi Baba Sule ke miƙa wa. Ni kwalin ake ba ni in kai waje.

Da Baba Sule ya tsufa ya koma gida, muka watse. Ni na kama wannan rumfar. Mustafa ya samu wani kamfani a Plateau, unguwar manyan ofisoshi, aka ce kuma yana zuwa karatu in ya tashi aiki. Sai dai mu haɗu wurin suna ko jana'iza, mu gaisa. Ban damu da shi ba, don a shekarun nan aiki bai bar ni na ɗaga kai ba. Kayan aikina ga su nan kuna gani: turnabis manya da ƙanana, mitar gwada wuta, ƙarfen dalma, tsohon buroshin haƙori, injin hura iska, da kile, 'yan abubuwan nan da ake kwafe bayanai a ciki, cike a gwangwanin madara. Ba su ne sana'ar ba. Sana'ar ita ce sauraron wanda ya kawo aiki, ka kuma san inda ba zai faɗi gaskiya ba. Ɗalibi zai zo ido ja, littafin ƙare karatunsa na ciki, ya rantse ba abin da ya yi mata, haka kawai ta mutu. Ka buɗe ka tarar da ruwan zoɓo ya bushe ƙarƙashin maɓallai, tururuwa sun kafa gari. Ba ka cewa ƙarya yake. Ka wanke, ka busar, ka ciro masa littafinsa, ka ce ya dinga nesa da kofi. Manyan maƙiyanmu a garin nan ba su wuce wutar da ke tsalle ba gaira ba dalili, da danshin ruwan lagun da ke sa tagulla ta yi kore ba. Duk wanda ya san su ba zai rasa na cefane ba. Haka muka ɗauka a lokacin.

Aikin da ya fi kowanne riƙe ni shi ne na Hajiya Mariama. Tana da babban shagon ɗinki a Treichville, da injunan surfani masu aiki da kwamfuta: a zana fure ko tambarin makaranta a allo, a aika wa inji, allurai su yi ta dukan yadi su kaɗai. Ranar da aka fara kirana salla ta matso, shaddodin mutane jibge a tebur, kwamfutar da ke ba injunan umarni ta ƙi tashi. Wani ya riga ni zuwa ya ce sai dai sabuwa. Amma injunan tsofaffi ne, wayarsu mai faɗin baki ce, sababbin kwamfutoci ba su da ramin da za ta shiga. Na buɗe na tarar gashin zare ya yi mata bargo a ciki, fanka ta shaƙe, akwatin wuta ya ƙone. Na canza shi, na cire kumburarrun kaya a jikin katmer, wato babban allon da komai ke haɗe da shi, na sa wasu. Na yanko gidan sauro na rufe ramukan iska, na sa kafinta ya yi mata kujera don ta bar ƙasa. Kafin la'asar allurai sun koma duka.

Bayan wasu shekaru, da ta gaji da gaske, ni na haɗa wa Hajiya wata da hannuna. Akwati daga nan, katmer daga can, na bi Bilak rumfa-rumfa har na samo ɗan katin da ke karɓar tsohuwar wayar. Na sa mata sistem na goma, wato babban shirin da ke tafiyar da kwamfuta, na yi ta lallashin shirin zanen har ya yarda ya zauna a kai. Tun daga nan Hajiya ba ta bari kowa ya taɓa ta. In ta bugo waya ba ta cewa kwamfuta. "Malam Hamisu, 'yarka na tari," haka take cewa. In na je sai an sa mini abinci kafin in duba komai. Ta hanyarta na samu masu kantin magani, da wani asibitin unguwa, da masu fitar da kaya a tashar jirgi. Rabin abincin gidana daga Treichville, ƙetaren gada, yake zuwa.

Sai ga shekarar da nake son ku ji. Wani saƙo ya fara fitowa a allon mutane, cewa kamfanin da ya yi sistem na goma zai daina kula da shi. Ku fahimta, ba mutuwa kwamfuta za ta yi ba. Za ta tashi, za ta yi aiki. Mizajur ne zai tsaya, wato facin da kamfani ke aikowa ta intanet duk sa'ad da aka gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi su shiga. A da kyauta yake zuwa, har haushinsa ake ji don yana cinye intanet, mutane da yawa ni suke kawo wa in kashe musu shi. Yanzu kamfani ya ce mai so ya koma na sha ɗaya. Na sha ɗaya kuwa ba kowace kwamfuta yake hawa ba, yana neman ƙwaƙwalwa ta zamani da wani ɗan guntun abin tsaro a jikin katmer. Wanda tasa ba ta ɗauka, kuma ba zai sayi sabuwa ba, aka buɗe masa wata ƙofa: ya biya, a ci gaba da aiko masa da facin na wani lokaci. Na ofisoshi da 'yan kasuwa shekara-shekara ne, kowace kwamfuta da nata, na baɗi ya fi na bana tsada.

Da na ji haka dariya na yi. Na ce wa maƙwabtana a rumfa, wane ne a Adjamé zai ciro kuɗi ya sayi abin da ba ya gani, ba ya taɓawa, abin da jiya yake roƙona in kashe masa?

Dariyar ba ta daɗe ba. Gab da fitowar saƙon na ɗauki kaya masu yawa wurin wani mai shigo da France au revoir, kwamfutocin ofis masu ƙarfi, irin waɗanda ke shekara da shekaru ba su yi ko tari ba. Duk abin da na tara na zuba a kansu, na ce in makarantu sun koma zan sayar. Ko ɗaya a cikinsu ba ta ɗaukar na sha ɗaya. Makarantu suka koma, mutane suka zo, amma tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Tana ɗaukar onz?" wato na sha ɗaya. Har wanda bai san inda ake kunna ta ba sai ya tambaya, ɗansa ya gaya masa a gida. Akwai dabarar da muke cusa na sha ɗaya da ƙarfi, na iya ta, na yi wa ɗalibai da yawa. Amma sai na gaya musu cewa ba da yardar kamfani ya hau ba, wata rana yana iya tutsu. Mai saye in ya ji haka sai ya ce bari ya zagaya ya dawo. Ba ya dawowa.

Ina cikin wannan Hajiya Mariama ta kira. Na hau woro-woro, tasin haɗaka, na ƙetare gada, na same ta zaune kusa da kwamfutar, injuna na aiki, ba abin da ya lalace.

"Malam Hamisu, wannan rubutun da ke fito mana kullum fa? Yarana sun ce 'yarka ta kusa mutuwa."

"Ba inda za ta, Hajiya. Na sha ɗaya dai ba zai hau ta ba, in ma ya hau shirin zanenki ba zai zauna a kansa ba. Abin yi mai sauƙi ne. A zare ta daga intanet gaba ɗaya. Ɓarawo ba ya shiga inda ba hanya. Zanen da mutane ke aikowa a karɓa a wata kwamfutar, a duba shi, a kawo mata da kile. Ba za ki kashe komai ba."

Ta dubi 'yan matan da ke yanke zare. "Kullum a yi ta yawo da kile? Waɗannan da ke mance almakashi cikin ledar shaddar mutane?"

"Za su saba."

"Mustafa ya zo," in ji ta. "Ɗan Alhaji mai goro. Ya ce tare kuka koyi aiki, ya ce duk Bilak ba mai hannunka."

Ta ci gaba, wai ya bar kamfanin Plateau ya buɗe nasa. Ita ta biya shi, shi ya san yadda zai yi da masu sistem, mizajur ya ci gaba da zuwa, komai ya zauna yadda yake. Kuma duk wata zai aiko a duba.

Na ce, "Hajiya, abin da zai sayar miki ko a leda ba za ki iya sa shi ba."

"Na sani. Kai in ta faɗi kake zuwa ka tashe ta, kuma Allah ya gani ba ka taɓa ba ni kunya ba. Amma kafin ka iso na riga na yi rashin barci. Shi barcin yake sayarwa, ni kuma ina so."

An kawo mini shinkafa da miyar gyaɗa kamar kullum. Na ce ina azumi, alhali ba azumin nake ba.

Na dawo na ce to, in danna maɓalli ne, ni ma ina da yatsa. Na zauna na bi abin a hankali, inda Faransancin ya fi ƙarfina na sa ɗiyata ta karanta mini. Na mutum ɗaya a gida ba wuya, kowa na iya yi wa kansa in yana da asusu a wurin kamfanin. Na 'yan kasuwa shi ne mai tsoka, shi kuwa sai ta hannun dillalan da kamfani ya yarda da su. Kafin su saurare ka sai kana da kamfani mai rajista, da lambar haraji, da asusun banki da sunan kamfanin. Ni da rumfata ko lamba ba ta da ita. In ka tambaye ni adireshi, sai in ce ka wuce masu wanduna, bayan mai sayar da caja, ka tambayi Hamisu. Shekarun da na yi ina ƙona yatsu ba wanda ya nemi ganinsu.

Rannan na ce bari in je in gani da idona. Na ce wa kaina wani kati zan nema a Treichville. Ofishin yana kusa da tashar mota ta Gare de Bassam, a bene, ƙofar gilashi, kilim, injin sanyaya ɗaki, na busawa har sai da zufar bayana ta yi sanyi. Wata yarinya a tebur ta dubi takalmina kafin ta dubi fuskata. Sai ga Mustafa ya fito, ya yi ƙiba daidai, farar riga, farcensa tas kamar bai taɓa ganin cikin kwamfuta ba.

"Koro! On dit quoi? Kai ne yau a wurina?"

Ya rungume ni a gaban kowa. Ya kira ma'aikatansa ya ce su gaishe ni, wai ni ne yayansa a sana'a. Aka kawo ruwa mai sanyi a kofin gilashi, da faranti a ƙasansa. Ya zaunar da ni kusa da shi ya juyo mini da allonsa. Sunaye ne jere, kowanne da ɗan ɗigo kore a gefe. Na gane masu kantin maganin da nake wa aiki. Na gane asibitin.

"Ka ga ta Hajiya Mariama, ga ta nan. Mizajur ya shiga lafiya. Koro, kwamfutar nan ka haɗa ta da kyau, wallahi. Ban taɓa ganin kati irin wannan ya zauna haka ba."

Kwamfutar da na bi rumfa-rumfa na haɗa, na san kowane sukuru a jikinta, ga ta ta zama ɗigo a allon Mustafa, yana duba lafiyarta bai tashi daga kujera ba. Na dubi teburinsa sama da ƙasa. Ko turnabis ɗaya babu.

Ya ce, "Koro, aiki ya yi mini yawa. Kwantiragin da nake ba su har da gyara da shara. Ka zo mu yi tare, kai ka riƙe ɓangaren hannu."

Na ce ni ma aiki ya yi mini yawa, da ƙyar ma na samu na fito. Ya rako ni har ƙasa, ya nuna wata mota ruwan toka ya ce direba ya kai ni. Na ce ina da wurin biyawa. Na tsaya a rana na jira woro-woro.

Daga nan na zauna jira. In waya ta yi ƙara sai in duba ko Hajiya ce, ko wani abu ya tsaya, ko an gane iska ya sayar musu. Ba ta kira ba. Abin da ya zo maimakon haka wani mai ɗaukar hoto ne a Bracodi, Kwasi, ya shigo da kwamfuta a ka yana kuka kamar yaro. Duk hotunan da ke ciki an kulle su, na aure, na suna, na mutanen da ba su karɓa ba, ga rubutu a allo wai sai ya biya wasu da ba a san ƙasarsu ba. Na ciro diskin, na haɗa shi da tawa, na gwada duk abin da na sani. Hotunan na nan, amma kamar an zuba su a turmi. Da na matsa masa ya ce wani saƙo aka aiko masa ya buɗe. Ko da mizajur ko babu, ba wanda zai rantse abin ba zai same shi ba. Amma kasuwa ba ta jiran bincike. Kafin mako ya zagayo labari ya ƙetare gada: Kwasi bai biya ba, an cinye shi. Aka ce har a matakalar benen Mustafa mutane ke zama jiran layi.

Da Mustafa macuci ne da na samu sauƙi. Na bincika, na tambayi duk wanda ya je. Ba wanda ya kawo kuka. Mai kwamfuta ɗaya in ya je, sai ya nuna masa yadda zai yi wa kansa, ya ce ya tafi kawai. Wani kuma ya ce masa kada ya ɓata kuɗi a kan faci, ya tara ya sayi sabuwa. Har mutane ya riƙa turo mini. Mutum ya tsaya nan inda kuke tsaye ya ce, "Mustafa ne ya ce in kawo maka, wai kai ne gwani." In karɓa in gyara, don ba ni da halin ƙi, amma tuwon ranar ba ya yi mini daɗi.

Kayan da na tara kuwa suna nan jibge har rufin rumfa. Ruwan sama ya zo, danshi ya shige su, na ƙasa suka fara kore. Mai rumfa, wanda nake biya haya, ya fara wucewa ta gabana sau da yawa yana gaisuwa mai tsawo. Ranar da na fara farke su ita ce mafi muni a duk shekarun da na yi a sana'ar nan. Lafiyayyun kwamfutoci, na kunna kowace ta tashi, sannan na kashe ta na kwance. Diski gefe, fanka gefe, katmer a buhu, masu sayen ƙarfe su ɗora a sikeli kamar albasa. Ni da aka koya wa tayar da matattu, ga ni ina yanka masu rai don wani can a wata ƙasa ya ce lokacinsu ya yi.

A kan wannan aikin Mustafa ya same ni. Ya bar motarsa can bakin titi ya ratso Bilak da ƙafa, da farar rigarsa. Ya dubi buhunan, ya ce, "Yako, Koro," wato sannu. Ya zauna kan bencin nan, ya aika aka sayo garba, ya wanke hannu muka ci a kwano ɗaya. Sai da muka gama ya ce maganar nan tana nan. Ba sai na rufe rumfa ba, wasu ranaku a mako kawai, in zagaya wuraren da yake da kwantiragi.

"Ma'aikata ba su ƙare a gari ba," na ce.

"Ba su ƙare ba. Kai nake so."

Na dubi mai rumfa, yana can tsaye yana kallonmu. Na ce zan gwada.

Washegari aka ba ni riga shuɗiya mai sunan kamfaninsa a ƙirji, da jaka sabuwa. Jakar na bar ta a ofis na ɗauki tawa. Yarinyar tebur ta gaya mini wurin da zan fara, ba ta san komai ba, ita dai layi take bi. Shagon Hajiya Mariama.

Da na shiga, wata sabuwar mai yanke zare da ba ta san ni ba ta dubi rigar, ta ɗaga murya, "Tanti, yaron Mista Mustafa ya zo!"

Hajiya ta fito, ta tsaya, sai ta tafa hannu. "La ila! Malam Hamisu! Ke, wannan ne yaro? Ba ki ga furfura ba?" Ta yi ta murna, ta tambayi iyali, ta sa a kawo abinci. Na ce bari in fara duba aikin. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na jawo kwamfutar, na buɗe. Fanka ta fara gurnani, ba wanda ya lura saboda ƙarar injuna, wata ɗaya nan gaba da ta tsaya. Ina da irinta a jaka, daga cikin waɗanda na farke. Ina kwance sukurori na ji Hajiya ta buga waya a saman kaina.

"Mustafa, Allah ya yi maka albarka. Ka san inda ake samo mutane. Wallahi tunda na koma hannunka ban ƙara tunanin kwamfutar nan ba."

Na ɗaura fankar, na share gashin zare, na rufe, na kunna. Ta tashi shiru, allurai suka ci gaba. Wannan karon na ci abincin, don yunwa nake ji. Da zan fita Hajiya ta rako ni har bakin ƙofa, tana ta sa albarka.

"In ka koma ka gaishe mini da maigidanka," in ji ta.

Na ce, "Zai ji."

Na kuwa hau benen na kai masa gaisuwar, tunda saƙo aka ba ni.